Shaidar Yaya

Asabar, 4 ga Mayu

Mun je taron nan na otal ni da Yaya. Tun da saƙon gayyata ya shigo wayarta take damuna, wai za a koya wa mutane sayar da kaya ta intanet, kyauta. Ta ce, "Ke ce mai ido, zo ki duba min su." Muka rufe shagon ɗinki da rana tsaka, ga zannuwan gado ban gama kalmasa ba.

Zaure mai sanyi, kujeru sun sha fararen riguna, kowa da bironsa da ruwan roba. Wani mai jan nektai ne ya yi magana. Akwai baki, wannan kam ban hana shi ba. Amma koyarwar ba ta taka kara ta karya ba, hotunan motoci ne da gidaje a bango. Can sai ya ce za su gina mana shafi, su sa hotunan kayanmu, masu saye su riƙa zuwa muna barci. Wai ragin na yau ne kaɗai, kana fita ƙofa farashi ya koma yadda yake.

Na ɗaga hannu na tambaya wa zai kawo masu sayen. Ya yi dariya ya ce, "'Yar'uwa, masu yawan tambaya su ke tsufa a shagon haya." Aka tafa. Har Yaya ta tafa, sai da ta ga fuskata ta sauke hannu.

Lahadi, 5 ga Mayu

Yaya ta biya. Ashe jiya da na zaga banɗaki ta je teburin baya inda ake karɓar kuɗi. Da kuɗin da muke tarawa na keken surfani.

Tana shara ta faɗa min, ba ta ɗago ba. "Ƙanwata, na gaji da zaman jiran wani ya ɓato hanya ya biyo lungun nan."

Ita ta riƙe ni tun rasuwar Inna. Ita ta fara ɗora ƙafata a kan keke. Me zan ce mata? Na ce Allah ya sa albarka, na shiga ɗaki.

Alhamis, 23 ga Mayu

Shafi ya fito. Sun ci harafi ɗaya a sunan shagonmu, hotunan kuma sun yi duhu. Yaya ba ta damu ba, duk layin nan sai da ta nuna wa. Maman 'Yan Biyu, maƙwabciyarmu mai saƙa hulunan jarirai, ta riƙe wayar da hannu biyu tana ta sa albarka.

Ba zan ɓoye ba, da na ga shuɗin zanen nan nawa mai furanni a ciki, raina ya yi fari.

Talata, 11 ga Yuni

Ko oda ɗaya.

Yaya ta kira su, aka ce ai shafi ba ya tafiya da kansa, sai an ƙara kuɗin talla. Abin da na tambaya ke nan a zaure. Ban tuna mata ba. Ta rame. Yau rigar matashi ɗaya ta ɗinka ta farke, ta sake ɗinkawa ta sake farkewa, ita da take ɗinki tana hira ba ta ko kallon allura.

Juma'a, 21 ga Yuni

Wai gobe Yaya za ta asibiti dubiya. Ta goge kayanta masu kyau. Na ga ta ninke shuɗin zanen ta sa a jaka. Wa ake kai wa zanen gado dubiya?

Asabar, 22 ga Yuni

Ban san ta inda zan fara ba.

Bayan fitar Yaya, Maman 'Yan Biyu ta leƙo, wai ita ma an gayyace ta taron, in raka ta don idonta ba ya ganin ƙananan rubutu. Na bi ta da niyyar in hana ta.

Zauren dai shi ne, mai jan nektai shi ne, barkwancin ma bai canja ba. A zama na biyu mutum yake gani. Masu fara tafi su ne dai na wancan karon, suna jere a gaba. Mutumin da ya yi wuf ya tashi zai biya wancan karon, yau ma shi ya fara tashi, da hularsa iri ɗaya. Na raɗa wa Maman 'Yan Biyu, ta ce in bari ta ji.

Sai mai jan nektai ya ce, "Ga 'yar'uwarku, ku ji daga bakinta."

Yaya ce.

Ta hau dandamali ta warware zanena. Ta ce tun da aka buɗe mana shafi oda ta yi mana yawa, ƙanwarta ko barcin kirki ba ta samu saboda ɗinki. Muryarta na rawa, mutane suka ɗauka murna ce. Idonta ya faɗo kaina. Ta tsaya. Na ce a raina yanzu za ta ajiye abin maganar ta sauko. Sai ta ci gaba.

Maman 'Yan Biyu ta matse min hannu. "Ashe ɓoye min kuke yi, 'yan nema!" Na ce wallahi ba mu sayar da ko ƙyalle ba. Ta dube ni kamar na zage ta. "Yayarki ba ta ƙarya, duk layi an sani. Ke dai ba kya so in samu." Na riƙo gefen mayafinta, ta fizge ta nufi teburin baya.

A ƙafa na dawo. Ban ma san na wuce tashar mota ba.

Lahadi, 23 ga Yuni

Yaya ce ta same ni a shago. Ta ce sun yi mata alkawarin mayar da rabin abin da ta biya in ta yi magana a taro uku. "Kuɗin kekenki nake so in dawo miki da su."

Na ce, "Da kuɗin Maman 'Yan Biyu?"

Ta ce ba ta san za ta zo ba. Na ce sauran matan fa, su ba maƙwabtan wasu ba ne?

Ta zauna a kan buhun ƙyallaye ta fashe da kuka. Ko ranar da aka fita da Inna ban ga hawayenta ba, ni ta rarrasa. Ina ji ƙafata na so ta je wurinta. Ban je ba. Na ci gaba da zura zare, allurar ma ba na ganinta.

Laraba, 3 ga Yuli

Yaya ta je taro na biyun. Wannan karon ko dubiyar ba ta fake da ita ba.

Maman 'Yan Biyu ta daina amsa gaisuwata, amma tana gaida Yaya da fara'a. Kullum tana ƙofar gida tana saƙa, huluna sun cika kwando, wai kada oda ta same ta ba shiri.

Litinin, 15 ga Yuli

Aiki ya ɗan motsa. Wata mata ta zo ɗinkin labule, ta zaɓi jan yadin da Yaya ta saro, ta tambaya ko yana zuba. Yaya ta ce ba ya zuba, ta gwada. Matar ta ba da aiki ta tafi.

Muna lafiya ni da Yaya. Tare muka ci abinci, har ta ba ni dariya da labarin mai gidan haya.

Da ta fita sayen zare na yanki ɗan ƙyalle a bakin jan yadin na jiƙa a kofi. Haka kawai. Ta dawo ta tarar ina matse shi. Ta kalli kofin, ta kalle ni, ta ajiye zaren a hankali ta koma kan kekenta.

Ruwan fari tas. Bai zuba ba.