Ƙulli a Bakin Zani

Embangweni, 9 ga Mayu, 2005

Zuwa ga 'yata Wezi,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Yaya gajiyar hanya, yaya jikinki, yaya abokan aikin bishara? Ina fata Kambodiya ta karɓe ku lafiya. Mu nan lafiya, an fara cire masara, sai dai gwiwar nan da kika sani.

Wannan ce wasiƙa ta farko da na rubuta ba wanda ke tsaye a kaina. In kin ga harafi ya karkace, laifin malamata ne da ta tsallake teku ta bar ni.

Kina cin abinci kuwa? Maƙwabciyarmu NyaPhiri ta ce, "Bar ta, wata shida tana ɗirkar shinkafa, za ta dawo ta ce tuwon masara ya yi mata nauyi." Na ce ta yi min shiru, ita da ko Mzuzu ba ta taɓa wucewa ba.

Ga abin da na ɓoye miki. Ki shafa bakin shuɗin zaninki, za ki ji ɗan ƙulli. Ƙasar gida ce na ɗinke a ciki. Ki barbaɗa kaɗan a ruwa ki sha, don cikinki ya saba da ruwan baƙon wuri. Haka kakarki ta yi wa marigayi babanki da zai tafi aikin ma'adinai a Joni, can ƙasar waje. Na san da na faɗa miki za ki ce, "Mama, Yesu bai isa ba?" Shi ya sa na yi shiru.

Ki rubuto da wuri.

Mahaifiyarki,
Esnat NyaGondwe

Embangweni, 20 ga Yuni, 2005

Wezi 'yata,

Ina gaishe ki, ina roƙon Ubangiji ya sa kina lafiya. Ni dai jiki lafiya.

Fasto Nyirenda ya tsayar da ni bayan sujada ya faɗa min komai. Ya ce a filin jirgin da kuka sauka don canza jirgi, na'ura ta nuna ƙullin, aka zaci ƙwaya ce. Aka shiga da ke ɗaki aka caje ki, kina kuka kina rantsuwa ba ki san da shi ba. Ku tara jirgi ya tafi ya bar ku. Shugabanku kuma ya tambaye ki a gaban kowa ko da laya za ki yi wa'azi. Ashe lokacin da nake zaune ina rubuta miki wancan surutun, an riga an yi wannan duka.

Iyayen sauran takwas sun samu wasiƙa. Ni kullum Juma'a ina zuwa gidan waya, har mai rabon wasiƙu ya daina ɗago kai. NyaPhiri ma ta daina tsokanata, abin da ya fi tsokanar ciwo. Ranar Alhamis na sa farar rigata na je zumuntar mata, na zauna can baya.

Ba wurin boka na je ba, Wezi. A gindin mangwaronmu na ɗebo ƙasar. Kin tuna? Kina aji huɗu, ni ina da shekara arba'in da ɗaya, ba abin da na iya sai dangwala yatsa. Ki dawo daga makaranta ki jefar da jaka, ki share wurin da tafin hannu, ki miƙo min tsinke. In na yi kuskure ki goge da ƙafa ki ce, "Haba Mama, wannan ba harafi ba ne, matsefi ne!" Sau nawa wake ya ƙone a kan wuta muna durƙushe. Ranar da na rubuta Esnat daidai kika hana kaji bi ta wurin har yamma. Da na rasa abin da zan haɗa ki da shi, nan na tsuguna na ɗiba.

Na kunyata ki a gaban mutane, na sani. Ban ce ki yafe yanzu ba. Ki rubuto ko layi ɗaya ne, ko faɗa ne. Da kaina zan karanta, ba wanda zai ji.

Mahaifiyarki mai jira,
Esnat NyaGondwe

Embangweni, 1 ga Agusta, 2005

'Yata abar ƙaunata,

Gaisuwa da godiya ga Ubangiji. Yaya zafin da kika ce? Ki riƙa shan ruwa, dafaffe.

Wasiƙarki ta zo ranar Juma'a. Mai rabon ya ɗago kai tun ina bakin ƙofa. Faɗan shafin farko na karɓa duka, ban tsallake layi ba.

Shafi na biyu ne ya sa ni dariya har na tsorata kaji. Ashe wata biyu kina wa'azi ba mai gane ki sai tafinta. Ashe wata tsohuwa mai sayar da kwakwa ce ta ja ki gindin bishiya, ta share ƙasa, ta miƙo miki tsinke tana koya miki haruffansu. Kin ce tana gogewa da ƙafa tana yi miki dariya, gwiwoyinki kuma ciwo. To, malama, yanzu kin ji yadda abin yake.

Haruffa ukun da kika zana a ƙarshe na kwafe su a gindin mangwaro. NyaPhiri ta leƙo ta katanga ta ce, "Yau kuma tsutsotsi kike kiwo, NyaGondwe?" Ta dawo daidai.

Ki gaida min tsohuwar, ki ce wata ɗaliba a Malawi na gode mata. Kin ce tana damuwa da ramarki, tana ɗura miki shinkafa. Saboda haka ranar da za ki taso, kafin ki rufe akwati, ki shafa bakin kowane zani da kyau. Ban taɓa ganinta ba, amma na san irinta.

Ubangiji ya dawo min da ke lafiya.

Mahaifiyarki kuma ɗalibarki,
Esnat NyaGondwe