Baba, Na Sauke Injin Motarka

Zuwa ga mahaifina, Malam Garba Direba.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta ladabi da girmamawa, ina roƙon Allah ya sa kana cikin ni'ima a makwancinka. Na san takarda ba ta zuwa inda kake. Na rubuta ne don maganar ta tsaya mini a rai, kuma na fi so abokan aikinka na tashar Gaya su ji ta daga bakina.

Baba, na sauke injin motarka. Motar tana nan, tana aiki, ta ma fi da gudu. Amma Inna ba ta ji daɗi ba, kuma laifina ne.

Kai ka koya mini duban hayaƙi. Kakan tsayar da ni a bayan mota, ka taka totur, ka leƙo ta taga kana jiran amsa. In baƙi ne, esansi, wato fetur, ya yi yawa. In fari ne mai kauri, ruwa ya shiga inda ba a gayyace shi ba. In kuwa shuɗi-shuɗi ne mai ƙauri, to man inji take ci. Kakan ce, “Kar ka tambayi mai mota, ƙarya zai yi maka. Je ka bayanta ka shaƙa.”

Abin dariyar, duk tasha kai ke faɗa wa mutane ciwon motarsu, taka kuwa ta fi ta kowa hayaƙi. Da asuba in ka tada ta, sai tsakar gida ya turnuƙe, kaji su watse. Kafin ka kai bakin kasuwa ya washe. Ka ce ƙananan robobin da ke saman inji ne suka bushe, mai ke zurara ciki in ta kwana, da safe ta ƙone shi. In na ce a canza su, sai ka harare ni ka ce, “Tarin tsufa ne, ni ma ina yin sa, wa ya canza ni?” Sannan ka jawo bidon, jarkar man inji, daga ƙarƙashin kujera ka ƙara mata.

Da Allah ya karɓi abinsa, ni na gaji hanyarka ta Gaya zuwa Bana. Idanun Inna sun ƙara dushewa bayan tafiyarka, yanzu sai dai ta gane mutum da murya. Kullum in na fito ɗumama inji bayan salla, ina tarar da ita zaune a bakin ƙofar ɗakinta da tasbaha. Matata Hadiza takan rufe taga tana mita, ita kuwa Inna ko motsi ba ta yi. Ni a zatona iskar safe take sha. Ban taɓa tambayarta ba.

A daminar bana hayaƙin ya canza hali. Ya daina washewa. In na ɗauko kaya zan hau daga fadama, da na taka sai madubi ya cika da shuɗi. Ƴan kabu-kabu na bayana suna zagi, mata masu kifi suna toshe hanci da bakin gyale. Na kwance buji, wato fulogogi, na same su baƙi ƙirin, jiƙe da mai. Na buɗe murfin mai alhali inji na aiki, sai ga shi yana huci kamar tukunyar wake. Ba sai an faɗa mini ba, wannan ya wuce robobi. Segiman ne suka cinye, zoben nan da ke riƙe mai a jikin fistan.

Na kai ta wurin amininka, Baba Hima makanike. Ya saurara, ya shaƙa, ya gyaɗa kai. Ya ce hanya biyu ce. Ko a buɗe injin a kai shi Dosso a gyara cikinsa, a jira kaya su zo, abin da zai ɗauki lokaci. Ko kuma a tsallaka gadar iyaka a ɗauko wani na hannu cikin waɗanda ake kawowa daga Kwatano, a ɗora. Ga girbin shinkafa ya ƙarato, kowa na neman mota. Ka san ni da gaggawa, kai ma ka sha yi mini faɗa a kanta. Na ce a ɗauko na Kwatano.

Baba Hima yana goge hannu ya dube ni ya ce, “Ka gaya wa tsohuwa?” Na yi dariya. A raina na ce ina ruwan Inna da inji, matar da ba ta san birki da totur ba. A gida na ce mota na garaji ana ɗan duba ta. Tsohon injin kuwa na bar wa masu sayen ƙarafa, don ya tare wa Baba Hima wuri.

Ranar da na dawo da ita, na ƙosa gari ya waye. Na murɗa makulli, ta tashi lokaci guda, shiru, ba tari ba hayaƙi. Har na fara jin kaina, ina jiran a yaba mini. Sai na ji Inna ta ce, “Wane baƙo ne muka yi da sassahe?” Na ce ai motar Baba ce, an yi mata sabon inji. Ta ɗaga kai ta ja numfashi, ta sake ja.

Ba ta yi mini faɗa ba, Baba, kuma da ta yi da ya fi mini sauƙi. Cewa ta yi, “Ka yi daidai, Isuhu, sana'a ce. Amma mi ya hana ka gaya mini? Da na hito na ji ta ko sau guda, na san na ƙarshe ne.”

A nan na gane abin da take zaman jira kowace safiya. Ba ta ganin hotonka da ke bango, rigunanka kuma an rabar. Wannan tarin da wannan ƙaurin su ne suka rage mata na fitarka aiki. Ni kuma na kwance su na ba masu guduma, ko shawara ban yi da ita ba.

Na garzaya wurin masu ƙarafan a ranar. Na tarar sun riga sun fasa shi, sun loda da sauran tarkace. Na tsaya ina kallon wurin da man ya zuba a ƙasa, kunya ta hana ni faɗa musu abin da ya kawo ni.

Yanzu Inna daga cikin ɗaki take sa mini albarka. Ni kuma ba na iya tada motar a gida. Tura ta nake yi da hannu har bakin titi, sai na yi nisa da ƙofa nake murɗa makulli. Maƙwabta sun ɗauka batir ne ya mutu, har wani ya yi mini tayin nasa. Na yi godiya kawai.

Ka yafe mini, Baba. Ita ta ce ta yafe, amma har yau zuciyata ba ta kwanta ba.

Allah ya jiƙan ka, ya yalwata kabarinka, ya sa aljanna ce makomarka. Allah ya ba Inna haƙuri da tsawon rai, ya ba ni hankalin tambayarta kafin in taɓa abin da ya rage mata.

Ɗanka mai kewarka,
Isuhu