Tsatsar Garmar Kaka

Ƙanena Bala,

Ina gaishe ka da kyau. Ya aiki, ya sanyin ƙasar mutane? Ya Hauwa da yara? Mu nan Zuru lafiya lau, an fara yankan dawa.

Sai maganar guntun garmar Kaka da ka ce a aiko maka. Na yi wa Inna bayani yadda ka yi mini: na'urarku ta ɗakin bincike fatar ƙarfe kawai take karantawa, da haske irin na hoton ƙashi amma mai rauni, cikin tukunyar da aka zuƙe wa iska ƙaf. Na ce tsatsar kake so, kuma ko maiƙon yatsa yana ɓata aikin.

Ta ce ta ji. Na je kasuwar Danko, na dawo na tarar ta dirje shi da toka, ta shafe shi da man kaɗe, sai ƙyalli yake. Na fara faɗa, ta ce, "Da garmar nan kakanku ya yi noman golmo, shekaru yana yi wa surukai noma, ya auri kakarku. Ba za ta je gaban baƙi da datti ba."

Sai na tuna gida biyu garmar ta karye. Allah ya sa ɗaya guntun yana ƙarƙashin rumbu, na ɗauko shi da awartaki. Duka biyun zan aiko.

Ka gaida Hauwa, ka sa Inna a addu'a, gwiwarta na damunta. Mai tsatsar ka ba na'ura. Mai ƙyallin kuwa, ka ajiye shi inda Inna za ta hango idan kuna waya ta bidiyo.

Yayarka,
Ladi