Takalmin da Ya Matse Ummi

Zuwa ga ƙanwata Sa'adatu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta 'yan'uwa, da roƙon Allah ya haskaka makwancinki, ni ce Yayarki Rakiya nake rubuto miki daga nan Doha. Na san ba a kai wa wanda ya riga mu gidan gaskiya wasiƙa. Amma akwai alkawarin da na ɗaukar miki zan saɓa, kuma na fi so in faɗa a bainar jama'a da bakina.

Kin tuna shekarun farko da mijinki Kabiru ya tafi da ke Japan? Sai in taso daga asibiti a gajiye, in iso gida a unguwar Al Rayyan, in tarar da saƙonki na murya, wani har minti goma. Ƙorafi ne daga farko har ƙarshe.

Kin fitar da shara ranar da ba ranarta ba, aka dawo miki da ledar har bakin ƙofa, an manna mata takarda. Kwalba da ranarta, gwangwani da tasa, kuma sai an ɗauraye su. Kika ce, "Yaya, garin da ake wanke shara kafin a zubar!" Na yi dariya har da hawaye, na kunna wa maigidana shi ma ya ji.

Ranar wata Sallah kika soya waina da miyar taushe, kika kai wa tsohuwar da ke maƙwabtaka da ku. Ta rusuna, ta karɓa da hannu biyu. Washegari ta dawo da kwanon a wanke, tare da kwalin biskit an naɗe shi kamar kayan lefe. Kika ji daɗi, kika sake kaiwa, ta sake ramawa. Sai da wani abokin aikin Kabiru ya ja shi gefe ya ce ki daina, don duk abin da kika kai sai tsohuwar ta fita ta sayo na ramuwa, wahalar da ita kike yi. Ranar ba ki yi wasa a saƙonki ba. Cewa kika yi, "Yaya, a garin nan alheri ma takura ne."

Akwai kujerar da ke kusa da ke a jirgin ƙasa, wadda ake bari babu kowa ko da mutane na tsaye. Akwai takardar da aka zuro ta ƙarƙashin ƙofa lokacin da 'yarki Ummi ke haƙori, an rubuta cikin ladabi cewa kukan ya yi yawa, babu suna. Ba wanda ya taɓa zaginki. Kika ce da ma zagin ne, da kin san da wa za ki yi magana.

Ni kuwa me na ce miki? Cewa na yi kin faye ƙorafi. Wuta ba ta ɗaukewa, ruwa na zuba, ba ɓarawo, me kuma kike nema? Da sauƙi in faɗi haka, Sa'a. Duk Juma'a da yamma muna shimfiɗa tabarmi a bakin teku, wurin shaƙatawar da ake kira Corniche, matan Kano da na Zariya da mu 'yan Funtuwa, ga kunu ga hira. Ko mai gadin gidajenmu Basakkwace ne, kullum sai ya tambaye ni ya gajiya. Ban san yadda ake yin mako guda ba wanda ya ce wa mutum ina kwana ba.

Daga baya saƙonnin suka gajarce. "Lafiya lau, Yaya." Na ce alhamdulillahi, Sa'a ta saba. Ashe abin da kika koya a wurin mutanen ƙasar ke nan, kada ka dami kowa da damuwarka. Wata bakwai kina jinya ban sani ba, ni da nake ma'aikaciyar jinya. Wannan shi ne abin da har yanzu ban yafe wa kaina ba.

A kiranmu na ƙarshe muryarki ta dushe. Kika ce, "Ki ɗauki Ummi. Kada ta tashi ba ta san yadda ake shiga gidan mutane ba." Na ce na ɗauka. Aka binne ki can cikin duwatsu, tafiyar sa'o'i daga garinku, don mutanen ƙasar ƙona gawa suke yi, maƙabartar Musulmi sai an nema.

Da hutun bana Kabiru ya kawo mini ita, ya koma bakin aikinsa. Muka yi da shi cewa idan ta saba, ta zauna ke nan. Har makaranta na samo mata. Shekararta takwas, goshinki ne, wushiryarki ce. Tana jin Hausa, amma da Turanci take amsawa, a hankali kamar mai tsoron ta tashi wani daga barci.

Sa'a, duk abin da kika ba ni labari ya biyo ni har ɗakina. Idan baƙi suka zo, sai ta jera takalmansu ta juya su suna kallon ƙofa, har wata ta tambaye ni ko korarta ake yi. Ta sha madara, ta ɗauraye kwalin, ta tsaya tana neman inda za ta sa shi, sai na ce ta jefa kawai, khalas, shi ke nan. 'Ya'yana na ihu suna kokawa a falo, ita tana gefe a zaune hannu bisa gwiwa. A Corniche mata suka yi ta rungumar ta suna jan kumatunta don ƙaunarki, ta sandare, da suka sake ta sai ta rusuna musu. Wani lokaci haushi yake ba ni, ba zan ɓoye miki ba. Amma ga mutane sai in yi ta alfahari, in ce yarinya mai kunya, ba ta kuka, ba ta roƙo, ta saba.

Makon da ta zo na sayo mata takalmi ja mai maɗauri. Da ido na auna, yadda Inna ke yi mana. Ai ɗan garinmu in takalmi ya matse shi, kafin a kai ƙofar gida ya yi jifa da shi, unguwa ta ji. Ita karɓa ta yi da hannu biyu ta gode. Mako uku, duk inda za mu, shi take sawa.

Juma'ar da ta wuce muna tafiya a bakin ruwa, na ga ana barin ta a baya. Har tsawa na yi mata, na ce yalla, ta ɗaga ƙafa. Da muka dawo za mu yi alwalar magariba ta cire safa, sai na gani. Duka duga-duganta biyu sun saɓule, wani wuri ya fara ruwa, ta cusa takardar goge hannu ta rufe. Na ƙwalla salati. Ita kuma ta sunkuyar da kai tana ba ni haƙuri. Ta ce kyauta ce, kuma ba ta so ta dame ni. Sannan ta ƙara da cewa, "Mama ma da ba ta da lafiya ba ta dami kowa ba."

Na wanke ciwon ina kuka. Sau biyu ke nan ana yi mini shiru ina cewa an saba.

Na tambaye ta ko tana son zama a wurina. Ta ce duk yadda Anti take so. Wannan karon ban yarda ba. Na kira Kabiru, na ce ya tambaye ta da Japananci, na ba ta wayar na bar ɗakin. Da ya sake kirana ya faɗa mini abin da ta ce. Ashe kwanaki take ƙirgawa. Tana kewar ƙawayen da suke takawa makaranta tare da safe. Kuma duk wata yakan kai ta kabarinki, ta cire ciyawa ta zuba ruwa, yanzu tana tambaya wa ke yi. Ta roƙe shi kada ya gaya mini, don kada raina ya ɓaci.

To ga shi, Sa'a. Ranar Asabar Kabiru zai zo ya tafi da ita. Na san abin da kika ji mata tsoro zai iya faruwa. Wataƙila ta girma ba ta san a faɗa gidan maƙwabta da sallama ɗaya a zauna a ci tuwo ba. Wataƙila Hausar ma ta gudu. Amma in na riƙe ta, za ta zauna, ba za ta taɓa cewa uffan ba, kuma a gidana za ta sha irin kaɗaicin da kika sha a garinsu. Ba zan iya ba.

Jiya na gaya mata. Ta rusuna ta ce in yi haƙuri. Bayan la'asar ina kicin sai na jiyo dariya daga falo, ta shiga cikin yara suna guje-guje, ƙafa duk bandeji. Tun da ta zo ban taɓa jin dariyarta ba. Irin taki ce sak, har da shaƙewar nan ta ƙarshe. Na kashe murhu na zauna a ƙasa.

Ki yafe mini, ƙanwata. Allah ya jiƙan ki, ya yalwata kabarinki, ya sa ki cikin jama'a masu yawa a Aljanna. Allah ya raya Ummi cikin imani, ya haɗa ta da masu tambayarta sau biyu in ta ce lafiya lau. Amin.

Yayarki mai kewarki,
Rakiya