Soron da Baba Ya Bar wa 'Yan Mata

Soron Ɗinki, Kano.
Ranar Talata.

Zuwa ga Yaya Sa'ida,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya yara, ya maigidan, ya ƙarin haƙurinmu? Allah ya jiƙan Baba. To na yi gaisuwa, kada ki ce ban yi ba.

Tunda kin rufe lambata a wayarki, ni kuma na rantse ba zan tako Zaitawa ba sai kin buɗe, ga takarda ta hannun Hajo dillaliya. Ta ce ba ta taɓa ganin 'yan uwan da ke jin kiran salla ɗaya suna aika wa juna wasiƙa ba. Na ce ta kai kawai.

Abin da na faɗa ranar addu'ar arba'in a gaban Malam Gwadabe liman shi zan maimaita, sai dai yau babu ihu. Wai Baba ya bar wasiyya a ware soron ƙofar gida daga gado, a ba da shi haya, abin da ya shigo a yi karatun 'yan mata uku da shi: Nana da Uwani na marigayi Yaya Hashim, da autarmu Ikram. In sun gama, a nemo wasu a unguwa. Kowa sai kabbara yake. Babu wanda ya juyo ya ce, to Muttaka fa, da kekensa na surfani yake cikin soron, da shi yake ci?

Ina aji huɗu na firamare Baba ya zo har makaranta ya kama hannuna, wai idonsa ya fara rauni, yana son mai zura masa zare. Ban sake ganin allon aji ba. Karatun da kike gani a takardar nan, a jaridar da ake naɗe tsire na koye shi, da tsofaffin littattafan bakin Kurmi da nake karantawa a tsaye har mai su ya kore ni. Yau mutumin nan ne ya zama uban karatu!

Na Nana da Uwani ban ja ba. Ubansu ya riga Baba rasuwa, ba su da gado, ni kuma ba azzalumi ba ne. Amma Ikram magajiya ce kamar ni da ke. Na duba, na sake dubawa: babu wasiyya ga magaji sai sauran magada sun yarda. To ban yarda ba. Kasonta ya dawo cikin gado, in samu wurin aje ƙafa a soron, in ga wanda zai fitar min da keke.

Ki gaida yara. Ki huta lafiya.

Ƙaninki,
Muttaka

*

Zaitawa, Kano.
Ranar Alhamis.

Zuwa ga ƙanina Muttaka,

Wa'alaikumus salam wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da Umma da Ikram. Allah ya kai haske kabarin Baba.

Lambarka za ta zauna a rufe har ka koyi magana a gaban manya. A takarda dai na ga ka fi hankali, domin alƙalami ba ya ihu.

Na aika maigidana wurin Malam Gwadabe. Ya ce abin da ka karanta daidai ne. Soron bai kai sulusin abin da Baba ya bari ba, don haka na 'ya'yan Yaya Hashim ya tabbata ko kana so ko ba ka so. Na Ikram ne yake jiran yardarmu. Ya kuma ce ya faɗa wa Baba haka tun yana raye, Baba ya ce a bar shi a haka, 'ya'yansa ba za su ƙi ba.

Umma ta yarda, ni ma na yarda. Ɗan'uwanmu Nura ya bugo daga Legas ya ce shi ba ya gida, duk abin da ka ce shi ya ce. Ka ga ke nan kason maza biyu yana bakinka, kuma abin da zai rage in kun janye ba zai riƙe yarinya a makarantar kwana ba. Ikram ta ci jarrabawar makarantar kimiyya, ka sani, kai ka fara ganin sunanta. An kusa komawa. In ba ta je ba za a ba wata gurbin.

Babu wanda ya ce ka fita. Haya aka ce a bayar, to kai ka zama mai hayar. Abin da baƙo zai biya ka biya, kekenka ya zauna inda yake.

Akwai abin da ihunka bai bari ka ji ba ran nan. Kai Baba ya naɗa ka kula da wasiyyar: karɓar haya, biyan makaranta, zuwa ganin malamai. Ba ni ba, ba Nura ba.

Ina yi maka fatan alheri. Ka gaishe min da Umma.

Yayarka,
Sa'ida

*

Soron Ɗinki.
Asabar.

Yaya,

Salamu alaikum, ya gida. Sauran gaisuwar ki ɗauka na yi.

In biya haya? A soron da na yi masa daɓe da hannuna? A soron da bayana ya lanƙwashe ina aska takwas a rigunan mutane, ana kai kuɗin kwalejin da kika yi? Ke kin iya magana a gaban manya, ai dole, an tura ki inda ake koyonta. Wa ya zauna ya riƙe allura kika tafi?

Kuma wai ni ne mai kula da wasiyya. Wallahi da na karanta wurin nan sai da na miƙe na zaga kujera. Ya hana ni tuwon, sannan ya ce ni zan tsaya a kan tukunya ina zuba wa wasu. Kin san me ya fi ba ni haushi? Har a lokacin da yake shirin mutuwa aiki yake nema min. Bai ce a ce wa Muttaka ya yi haƙuri ba. Bai ce a ce masa komai ba. Aiki dai.

Kwana biyun nan na kasa zama. Ina ɗora riga a keke sai in tsinci kaina a Madabo, ban san me ya kai ni ba. Jiya har Ƙofar Mazugal na taka na dawo. Rigar Alhaji Mikail da zai sa ɗaurin auren ɗansa na karkata mata wuya, sai da na farke.

Ga wani sabon salo. Wani mai sayar da kayan waya, Musa, ya ji labari, ya zo da igiyar awo yana gwada bango, ni ina zaune. Ya ce, "Maigida, nan za a iya fasa taga?" Na ce, "Za a iya fasa kai ma." Umma ta jiyo daga ciki, ta kira ni ta ce tun da ta haife ni ba ta huta da bakina ba. Ita ba na tanka mata, kin sani.

Ikram kuwa ta daina gaishe ni da wasa kamar da. Sai ta durƙusa har ƙasa, "Yaya ina kwana," kamar baƙo. In ke kika koya mata wannan, ki ce ta daina.

Amsata tana nan inda take.

Muttaka

*

Zuwa ga Yaya Muttaka,

Assalamu alaikum Yaya, ina wuni, ya aiki? Na sa wannan a ƙarƙashin kekenka ne domin in na tsaya a gabanka maganar ba ta fitowa.

Babu wanda ya koya min komai, kuma Yaya Sa'ida ba ta san na rubuta ba.

Yaya, ka daina yawon nan a rana, ka rame. Ni na haƙura da makarantar. Ba na son a ce don ni aka fitar da kai, kuma ba na son in yi karatun da kullum in na buɗe littafi zan tuna ranka a ɓace yake. Na faɗa wa Umma, ta yi kuka, amma ta ce Allah ya zaɓa abin da ya fi.

Alfarma ɗaya nake nema. Tunda zan zauna, ba na son zaman banza. Ka koya min surfani. Na san aiki ya yi maka yawa tun da Baba ya rasu, babu mai zura maka zare da warware shi. Idona yana da kyau, hannuna ba ya rawa. Zan fara da haka kamar yadda ka fara. Umma ta ce in na sa hijabi na zauna daga bayan labule ba komai. Gobe da safe zan zo in share soron in jira ka.

Ka yafe min in na yi laifi.

Ƙanwarka,
Ikram

*

Soron Ɗinki.
Laraba.

Yaya Sa'ida,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya ke da mutanen gidan.

Ga takardar da autarki ta rubuto min, na haɗo miki, ki karanta ki ga irin yaran da kuke raino. Na ɗauka surutu ne. Da na dawo daga masallaci da safe sai na tarar an share soro, an yayyafa ruwa, ita kuma tana zaune a kan ƙaramar kujerar nan ta ƙarfe da Baba ya zaunar da ni a kai ina yaro, ta jera allurai a gefen zaninta, kowace da kalar zarenta. Ta miƙo min ɗaya da hannu biyu.

Yaya, na karɓa. Wannan ne abin. Hannuna ya karɓa kafin in yi tunani, kuma na ji daɗin yadda zaren ya shiga daidai, har na ce a raina yau aiki zai yi sauri. Sai na ji kamar an watsa min ruwan zafi. Na ce, "Tashi!" Ta ce, "Yaya ban iya ba ne?" Na ce, "Kin iya, shi ya sa na ce ki tashi!" Na yi ihun da sai da mai shayin tsallake ya leƙo. Na ce in na sake ganinta a kujerar nan sai na karya kujerar.

Daga nan ban tsaya ba sai zauren Malam Gwadabe. Yana karin kumallo da baƙi biyu. Na ce, "Malam, ga shaidu sun samu, na yarda da wasiyyar Ikram." Ya aje kofi ya dube ni. Ya ce, "Muttaka, zauna." Na ce a tsaye zan faɗa. Ya ce, "Wani ya matsa maka?" Na ce babu. Ya ce, "Yarda ake so da daɗin rai, kai kuma ga jijiyar wuyanka a waje." Na ce, "Malam, in sai raina ya yi daɗi, yarinyar nan za ta tsufa a gida. Da fushina na zo, da hankalina kuma. Littafi ya ce ba a karɓar irin wannan?" Ya ce littafi bai ce ba. Ɗaya daga baƙin ya kama dariya har ya ƙware da kunu. Aka yi fatiha. Na bugo wa Nura a nan take ya faɗi tasa a kunnen Malam.

Kada ki gode min, kada kuma ki ce min Baba ya san ba zan ƙi ba. In kika rubuto haka zan yaga. Ni da Baba maganarmu ba ta ƙare ba. Ina yi masa addu'a bayan kowace salla, kuma ina jin haushinsa, duka biyun, ban san yadda ake raba su ba.

Hayar soron ubana kuwa ba zan biya ba. Na sami rumfa a Kurmi kusa da masu zare, ruwa na zuba ta gefe ɗaya, amma tawa ce. Gobe zan kwashe keke.

Ki zo ki taya Umma haɗa wa Ikram akwati. Ni ban san abin da 'yan makarantar kwana suke tafiya da shi ba.

Ƙaninki,
Muttaka

*

Zaitawa.
Ranar Juma'a.

Ƙanina Muttaka,

Wa'alaikumus salam. Ya gajiyar kwashe kaya? Ban gode maka ba, kamar yadda ka ce. Akwati ya haɗu, Lahadi za a kai ta, ta ce kai take so ka raka ta.

Malam Gwadabe yana tambaya: maganar kula da wasiyya, ka karɓa ko a nemi wani? Yana son amsa kafin a ba da makulli.

Allah ya yi maka albarka.

Yayarka,
Sa'ida

*

Kurmi.
Litinin.

Yaya,

Salamu alaikum. Mun kai ta lafiya. Gadon da suka ba ta ƙafarsa ɗaya a karye take, sai da na tsaya a ofishin shugabar aka canza.

Ki ce wa Malam ban ce na karɓa ba, ban ce na ƙi ba, ina tunani. Amma kada ya ba Musa makulli. Ya zo min da maganar ragi, wai soron ya tsufa. Na ce masa karatun yara uku ne a kan bangon nan, ko ya biya yadda aka yanka ko ya naɗe igiyarsa. Ya tafi. Akwai wani mai neman hayar da zan gani bayan la'asar.

Ki huta lafiya.

Muttaka