Jakin da Kika Bari a Hannun Mahauci

Zuwa ga Dije,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da addu'ar Allah ya sa kina cikin rahamarsa, na san wannan takarda ba za ta iso ki ba. Ko kina raye ma da wuya ki karanta ta, tunda kin sha cewa rubutuna daga ni sai Allah. Amma magana ta cika mini ciki, kuma duk wanda na fara yi wa sai ya kama ba ni haƙuri. Ni kuwa yau ba haƙuri nake nema ba, ƙorafi na kawo. Kin tafi kin bar mini aiki a makarantar su Bilki, ba ki ko gaya mini ba.

Bari in fara da labarin gida. Inna ta baro Birchi ta dawo wurinmu tun bayan sadakar arba'in, ita ke riƙe da mu. Ta sauya wa duk tukwanenki wuri, ta ce ba ta ga dalilin da zai sa tukunyar miya ta zauna a sama ba. Na bar ta, uwata ce. Jar akuyarki ta haifi biyu. Rani ya kama, injinan ban-ruwa sai zuwa suke daga Makera, shago ya cika har bakin titi. Garin Dutsin-Ma yana nan yadda kika bar shi, ni ne dai ban san inda ake ajiye komai ba.

Da, ni a zatona makarantar firamare ba ta wuce a tashi yaro da safe a ce masa ya tafi ba. Ashe kowace rana da nata hukuncin. Litinin duba farce da kitso, Talata a zo da tsintsiya, Laraba kayan wasanni. A ina kike ajiye duk wannan, Dije? Ban taɓa ganin kin rubuta ba. Makon farko na tura yarinya da tsintsiya ranar wasanni, ta yi tsere da doguwar riga, ta dawo ta ƙi yi mini magana har la'asar. Farce kuwa da almakashin shago na yanke mata, aka duba aka ce ya yanku, sai dai yana warin baƙin mai.

Duk wannan mai sauƙi ne. Abin da ya tayar mini da hankali shi ne, tun da aka koma daga hutu, duk ranar Alhamis Bilki sai ta tashi da zazzaɓi. Kin san abin da wannan kalma take yi mini yanzu, da shi kika fara. Alhamis ta farko ko takalmi ban tsaya sakawa daidai ba, na ɗora ta a babur sai asibiti. Aka ɗebi jini, aka ce ba komai. Kafin ƙarfe goma ta warware ta share kwano biyu na ɗanwake tana bin 'yan akuya da gudu. Ta biyu haka, ta uku haka. Inna ta ce baki ne, ta cika gidan da turare har kaji suka ƙaura. Ni dai shekara ashirin ina gyaran inji, ban taɓa ganin wanda yake lalacewa ranar Alhamis kaɗai ba. In inji ya yi haka, buɗe shi ake a duba ciki. Sai na buɗe jakarta.

A can ƙasa, tsakanin ɓawon gyaɗa da guntun fensir, na sami takardu biyar a ninke, kowace da hujin fil, alamar a jikin hijabinta aka maƙalo su ta cire a hanya. Duk daga Malama Zulai suke, sabuwar malamar aji biyu da aka kawo daga Kuki wannan zangon. Kuma duk ke aka rubuto wa. Ana tuna wa Maman Bilkisu cewa Alhamis ranarta ce. Ana sake tuna wa Maman Bilkisu. A ta biyar malamar ta bar ladabin ofis, ta ce don Allah ki taimaka ki zo, yara sun hana ta sakat da maganar jaki, ita kuma ba ta san wane jaki ba ne.

Ni ma ban sani ba. Sai da na zaunar da Bilki na lallashe ta da rake sannan ta kwance mini. Ashe tsarin hedimasta ne, duk Alhamis bayan an dawo daga tara wani daga cikin iyaye ya shiga aji ya yi rabin awa da yara. Wata ta koya musu saƙar faifai, wani ya nuna musu yadda ake dashen mangwaro. Ke kika zo da tatsuniya, daga ranar yara suka ƙi kowa sai ke, sauran iyayen kuwa suka gode wa Allah suka koma harkokinsu.

A nan zan faɗi abin da ban faɗa miki ba. Ina ganinki duk Alhamis kina yafa mayafi kina riƙe da hannun yarinya, abin da nake cewa kawai shi ne, a dawo lafiya malama marar albashi. Kina dariya, ni ma ina dariya. Wata shida ban taɓa tambayarki me kike yi a can ba, ko sau ɗaya. Na san ciwon kowane inji a Makera, ban san matata tana da aji guda da ke jiranta ba. Wannan abu yana cina, Dije, ki yafe mini.

Ga tatsuniyar yadda Bilki ta ba ni. Wai wani jaki ne ya haɗiye ƙararrawar makaranta, duk sanda ya yi kuka sai ta kaɗa a cikinsa yara su watse. Aka yi ta fama mako bayan mako. Inda kika tsaya shi ne hedimastan tatsuniya ya gaji ya kira mahauci, an kayar da jaki, mahauci ya ɗaga wuƙa zai farka ciki. Nan kika ce musu sai wani mako. Haba Dije! Wa yake barin yara a nan? Wata huɗu wuƙa tana sama.

Da na tambayi Bilki me ta gaya wa malama, sai ta sunkuyar da kai ta ce ta ce mata kin yi tafiya. Yaran unguwarmu da suka san gaskiya kuwa ta yi musu alkawarin duka in suka buɗe baki, kin dai san hannun 'yarki. Hedimasta ya zo ta'aziyya da kansa, amma ya ɗauka malama ta sani. Shi ya sa duk Alhamis in aji ya fara tambayar yaushe za ki dawo, gara mata ta kwanta a gida. A ranar na gane ban taɓa jin ta faɗa da bakinta cewa kin rasu ba. Na ji tsoro fiye da tsoron zazzaɓin.

Washegari na je na sami Malama Zulai na gaya mata. Baiwar Allah ta dafe kai ta fashe da kuka, ta ce takarda biyar ta aika wa mamaciya. Ni da aka yi wa rasuwa na koma ni ke ba ta haƙuri. Ta ɗauki biro za ta soke sunanki daga takardar iyaye da ke manne a bango. Ban san sanda bakina ya ce ta bari ba, ni zan zo in ƙarasa. Sai da na hau babur na tuna ban taɓa yin tatsuniya ba a rayuwata.

Na shiga neman ƙarshen labari kamar mai neman kayan gyara. Inna ta ce ba da ita ba, tatsuniya da rana ɓata take sa mutum, kuma tun da take ba ta taɓa ganin namiji mai gemu yana yi ba. Da na matsa ta ce a farke shi mana, ba jaki ba ne? Na kira yayarki Hajiya Talatu a Kurfi, ta ce a jiƙa masa kanwa. Alhaji Mudi mai hatsi, maƙwabcin shagona, ya ce shi bai ga abin wahala ba, a sayi wata ƙararrawar. Ni kuma nawa tunanin, a kama ƙafafunsa na baya a zazzage shi, yadda nake yi wa tiyo in ya toshe. Na tara guda uku, ban da na Inna, na ce ko ɗaya ya ƙi ɗaya zai tashi.

Ranar Alhamis Bilki ta tashi da zazzaɓinta. Na ce mata ni ma da shi na tashi, ta sa hijabi mu je mu yi jinyar a can. Na saka shaddar Sallah. Aka ba ni benci irin nasu, na zauna gwiwoyina suna gaisawa da kunnuwana. Yara kusan arba'in suka zuba mini ido, Bilki tana can baya ta kifa kai a tebur.

Na ce ga ta nan ga ta nanku, suka amsa har kwanon rufi ya ɗauka. Ina cewa wani jaki, sai wata mai giɓi a layin gaba ta ɗaga hannu ta ce ba wani jaki ba ne, sunansa Duna. Na gyara. Ban yi nisa ba suka ce ai Maman Bilki takan yi kukansa tukuna, na jaki sannan na ƙararrawa. Dije, ashe kuka kike yi musu? Ke da ko dariya sai kin rufe baki da gefen mayafi? Na dubi malama ko za ta cece ni, ta kau da kai. Na rufe ido na yi. Da alama na iya, don 'yan aji uku da ke maƙwabtaka sun fito suna neman jakin, hedimasta ma ya leƙo ta taga, ya gan ni cikin shadda, ya koma ofis.

Na kawo kanwa. Suka ce an ba shi tun mako na biyu, buhu guda, bai yi komai ba sai gyatsa. Na kawo sabuwar ƙararrawa. Suka ce maƙerin garin ya tafi aikin Hajji da ƙafa. Na ce to, a zazzage shi. Suka kwashe da dariya, wai an zazzage shi tuni, abin da ya faɗo alli ne da takalmin malamin lissafi ƙafa ɗaya. Kin bi duk wata hanya kin toshe, ba ki bar mini ko ɗaya ba. Gumi ya jiƙa shadda. Saura na Inna, kuma da na dubi fuskokinsu na san in na farke Duna ba zan fita ajin nan da mutuncina ba.

Sai mai giɓin nan ta tausaya mini, ta ce Baba ya bari kawai, su jira Maman Bilki ta dawo daga tafiya.

Malama ta dube ni. Can baya na ji benci ya motsa. Bilki ce ta miƙe, ta ce mamarta ba tafiya ta yi ba, rasuwa ta yi, kuma ba za ta dawo ba. Yaran suka haɗa baki suka ce Allah ya jiƙanta, suna jan sa da irin muryar da suke karanta biyu sau biyu. An yi mini ta'aziyya da yawa a wata huɗun nan, manya da malamai, babu wadda ta shige ni kamar wannan.

Bilki ba ta zauna ba. Ta ce ita ta san ƙarshen. Ashe ke ma ba ki san shi ba, a hanya kuke ƙulla shi ke da ita duk Alhamis, daga ƙofar gida zuwa ƙofar makaranta. Na ƙarshen kun gama ƙulla shi a safiyar da zazzaɓi ya sa kika juyo daga bakin famfo kika ce ta wuce ita kaɗai. Tun ranar take riƙe da shi, tana jira ki zo ki faɗa.

Ta fito gaban allo ta faɗa. Wai mahauci ya kara kunne a cikin Duna don ya ga inda zai sa wuƙa, sai ya ji ƙararrawa tana kaɗawa a hankali saboda tsoro. Ya ce shi bai taɓa jin abu mai daɗi haka ba, ya mayar da wuƙarsa kube. Hedimasta ya rasa yadda zai yi, ya ɗauki Duna aiki, aka ɗinka masa yunifom aka ɗaure shi a gindin darbejiya. Sai dai jaki bai san agogo ba, in ya ji yunwa kawai yake kuka, shi ya sa a wannan makaranta sau biyar ake fita tara kullum. Ajin ya kaure da ihu, har da masu hawa tebur. Ta jira suka lafa, ta ce ƙurunƙus. Sannan ta taho ta cusa kai a jikina ta yi kukan da ba ta yi ba ranar jana'iza. Ni ma na yi nawa a gaban yaran mutane, ban ji kunya ba.

A hanyar gida tana bayana a babur, ta tambaye ni ko za ki yi fushi da ta faɗa ba ki nan. Na ce mata ba za ki yi ba, kin ma ji daɗi. Na yi magana da bakinki ban nemi izini ba, amma na san ban yi miki ƙarya ba. Jiya Alhamis ta sake zagayowa. Ta riga ni tashi, ta ci kokonta, ta tafi makaranta da ƙafarta.

Allah ya haskaka makwancinki, ya sada mu a inda ba a rabuwa. Ki huta, yarinya tana hannuna.

Ni ne mijinki,
Sani mai gyaran inji, wanda 'yan aji biyu suke yi wa kukan jaki in ya wuce a babur.