Gawar Aristiyas a Gindin Ganuwa

Zuwa ga mahaifiyata Nikaso,

Gaisuwa mai yawa. Yaya ƙafarki, yaya zaitun bana? Ni lafiya nake, raunin kafaɗata ba wani abu ba ne.

Inna, Yaya Aristiyas ya rasu. Da aka busa ƙahon janyewa, na riƙe hannunsa na ce, "Yaya, mu tafi." Ya ce, "Sake ni, kana so a ce ɗan gidanmu ya gudu?" Ya fizge.

Yanzu mawaƙa na ta yabonsa a sansani, gawarsa kuwa tana gindin ganuwar abokan gaba. Sun hana mu ɗauka. Kullum ina hango ta.

Ki zuba masa ruwan inabi a kabarin Baba, tunda shi bai samu nasa ba. Alloli su ba ki haƙuri.

Ɗanki,
Filon